Sitaci Mara Narkewa: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rage Ƙiba da Lafiyar Hanji

Maganar ta zagaye Facebook da TikTok da zaurukan WhatsApp: wai ka dafa shinkafa, ka sa ta a firji ta kwana, washegari ka ɗumama ka ci, ba za ta sa maka ƙiba ba. Abin da ake jingina maganar da shi shi ne sitaci mara narkewa. Akwai gaskiya a ciki, sai dai an zuba mata gishiri fiye da kima. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan batun, da abin da bincike ya tabbatar.

Mene ne sitaci mara narkewa?

Yawancin abin da muke ci a ƙasar Hausa sitaci ne: tuwo, shinkafa, taliya, biredi, doya, rogo, dankali. Idan aka ci, sinadaran narkar da abinci da ke cikin yawu da ƙaramin hanji suna farfasa shi ya koma suga, sugan ya shiga jini. Amma akwai wani kaso da sinadaran nan ba sa iya farfasawa. Shi yana wuce ƙaramin hanji kamar yadda ya shigo, ya sauka a babban hanji. Wannan kason ne ake magana a kai.

Masanin abinci Hans Englyst da abokan aikinsa a Kambirij ta ƙasar Ingila ne suka bayyana shi a 1982, lokacin da suke ƙoƙarin auna yawan fiba, wato ɓangaren hatsi da ganye irin su dusa da jiki ba ya narkarwa, a cikin abinci. Yau ana lissafa shi cikin dangin fiba, domin aikinsa a jiki irin nata ne.

Dalilin ƙin narkewarsa ya bambanta. Wani a kulle yake cikin ɓawo da bangon ƙwayar hatsi ko wake, sinadarin bai kai gare shi ba. Wani tun asali ƙwayoyinsa a dunƙule suke da tauri muddin ba a dafa ba, kamar na ɗanyar ayaba da ɗanyen dankalin turawa. Wani kuma bayan an dafa abinci ya huce ne yake samuwa. Akwai wanda ake sarrafawa a masana'anta, akwai wanda ke samuwa idan sitaci ya haɗu da mai wajen dafuwa. Ga mai girki a gida, na farko da na uku ne abin dubawa.

In bai narke ba, ina amfaninsa?

Amfanin ba naka ba ne kai tsaye, na ƙwayoyin bakteriya ne masu amfani da ke zaune a babban hanji. Shi ne abincinsu. Suna cinsa, su fitar da iska da wasu sinadarai masu tsami guda uku: asetet, furofiyonet da butiret. Na ukun shi aka fi damuwa da shi, saboda daga gare shi ƙwayoyin da suka shimfiɗe bangon babban hanji ke samun mafi yawan ƙarfinsu. Idan suna samun isasshe, bangon yakan yi ƙwari, kumburi ya ragu. Tsamin da ke ƙaruwa a hanjin kuma ba ya yi wa wasu miyagun ƙwayoyin cuta daɗi. Bayan gida yakan ƙara yawa, ya ɗan yi laushi.

Ba kowace bakteriya ke iya fasa wannan sitacin ba. Biyu ne suka yi fice wajen fara aikin, Ruminococcus bromii da Bifidobacterium adolescentis, sauran sai su ci daga abin da suka farfasa. Shi ya sa mutum biyu za su ci abu ɗaya, jikinsu ya karɓa daban. A wani gwaji da aka yi a Jami'ar Mishigan ta Amurka a 2016, an ba matasa 20 garin sitacin ɗanyen dankalin turawa. Butiret ya ƙaru a cikin wasu, wasu kuwa ko gezau.

A wane abinci namu ake samunsa?

Wake na cikin na sahun gaba. Dafaffen wake da danginsa kan ƙunshi kusan giram 2 zuwa 4 a cikin kowane giram 100, ga fiba iri-iri da sinadarin gina jiki a kai. Gurjiya, wadda wasu ke ce wa kwaruru, tana cikin wannan sahu. Abin ban dariya shi ne Najeriya ce ta fi kowace ƙasa noman wake irin namu a duniya, Nijar na biye, amma sai ka ga mutum yana tambayar inda zai sayi garin sitaci mara narkewa da aka shigo da shi daga waje alhali buhun wake na jingine a ɗakin ajiyarsa. Waken da aka dafa da ɓawonsa, kamar na garau-garau ko faten wake, ya fi wanda aka surfe aka markaɗa aka soya. Ƙosai da alale ba laifi, sai dai ƙosai ya sha mai.

Sai hatsin da ba a niƙe shi luƙwi ba, ba a kuma cire masa dusa duka ba: dambu, burabusko, dafaffiyar alkama, masarar da aka dafa da ƙwayarta. Dawa tana da wata baiwa ta daban, domin sinadarin gina jikin da ke cikinta yana lulluɓe sitacin, ya sa narkewarsa ta yi nawa. Wani bincike da masana daga Jami'ar Purdue ta Amurka suka yi a Bamako, aka wallafa a 2018, ya nuna tuwon gero da na dawa da dambun gero sun fi shinkafa da taliya da dankalin turawa daɗewa a ciki kafin su wuce. Manomi da ke cewa tuwon dawa ya fi riƙe ciki bai yi ƙarya ba.

Sai ayaba da agade da ba su nuna ba. Yayin da suke nuna, sitacin yana komawa suga, don haka ayaba mai ɗan kore-kore ta fi wadda ta yi ɗigo-ɗigon baƙi. Dafa ɗanyen agade yana rushe mafi yawan sitacin nan nasa na asali, wani kaso ya dawo idan ya huce.

Daga ƙarshe, duk wani abinci mai sitaci da aka dafa ya huce: shinkafa, taliya, dankali, doya, gwaza, tuwo.

Me hucewa ke yi wa abinci? Kenan ɗumame ma yana ciki?

Yana ciki. Idan aka dafa sitaci da ruwa, ƙwayoyinsa suna kumbura su buɗe, shi ya sa tuwo mai zafi yake da laushi da danƙo. A wannan hali yana narkewa da sauri. Da ya fara hucewa, dogayen zaruruwan sitacin, musamman wanda ake kira amilos, sai su sake jeruwa su manne da juna sosai. Wannan mannewar ce ke sa malmalar tuwon jiya ta yi tauri har a iya yanka ta da wuƙa, ita ce kuma ke hana sinadarin narkewa samun wurin kamawa. Sanyin firji na sa aikin ya fi yawa, amma ko a ɗaki yana faruwa.

Don haka gidan da ake karyawa da ɗumamen tuwo da miyar kuka ya daɗe yana yin abin da ake yayatawa yanzu. Fura ma dafaffen gero ce da ta huce, sai dai cokali uku na suga da ake zuba mata sun isa su shafe ɗan abin da aka samu.

Yawan abin da ke samuwa ya danganta da irin hatsin. Shinkafa mai warwarewa, wadda amilos ɗinta ke da yawa, ta fi mai danƙo irin ta tuwo.

Ɗumamawa ba ta mayar da shi yadda yake?

A'a. Amilos ɗin da ya manne ba ya sakewa sai a zafin da ya wuce na tafasar ruwa nesa ba kusa ba. Ɗumamawa ta gida tana barin mafi yawansa, ba sai an ci abinci da sanyi ba.

Da gaske ne shinkafar da ta kwana a firji tana rasa rabin kalorinta?

Ba gaskiya ba ne. Wannan magana ta samo asali ne daga wani rahoto da masu bincike daga Siri Lanka suka gabatar a taron ƙungiyar masana kimiyyar sinadarai ta Amurka a 2015. Sun dafa shinkafa da ɗan man kwakwa, suka sa ta a firji awa 12. Abin da suka auna a ɗakin gwaji ne, ba a jikin mutane ba, kuma maganar rabi hasashe ce suka yi game da abin da wasu irin shinkafa za su iya bayarwa. Jaridu suka ɗauki hasashen suka bar sauran.

A shekarar ne kuma aka wallafa wani bincike daga Indonesiya da ya ba da alƙaluma. Farar shinkafa da aka sauke yanzu tana da giram 0.64 na sitaci mara narkewa a cikin giram 100. Wadda ta huce awa 10 a ɗaki tana da 1.30. Wadda ta yi awa 24 a firji aka ɗumama tana da 1.65. Ya ninka fiye da sau biyu, kuma a nan masu talla ke tsayawa.

Mu ƙarasa lissafin. Faranti mai giram 300 na shinkafa yana da kalori kusan 390. Sitaci mara narkewa a cikinsa ya tashi daga kusan giram 2 zuwa giram 5. Sitaci na yau da kullum yana ba da kalori 4 a kowane giram, mara narkewa yana ba da kusan 2, tunda jiki na amfana da sinadaran da bakteriya ke fitarwa. Giram 3 sau 2, kalori 6 kenan aka rage daga 390. Babban cokali ɗaya na man gyaɗa da za a soya shinkafar da shi kalori 120 ne.

To yana rage ƙiba ko ba ya ragewa?

Yana iya taimakawa kaɗan, idan an ci da yawa, kuma sauran abincin yana kan tsari. Binciken da aka fi kafa hujja da shi an yi shi ne a Shanghai ta ƙasar Sin, aka wallafa a mujallar Nature Metabolism a 2024. Mutum 37 masu ƙiba aka ba giram 40 a kowace rana na tsawon mako 8, daga garin wata masara ta musamman mai yawan amilos. Sun rage kilo 2.8 a matsakaici, jikinsu ya ƙara jin insulin, sinadarin da ke daidaita sugan jini, kuma Bifidobacterium adolescentis ta ƙaru a hanjinsu. Sakamako ne mai kyau. Amma a lura da abu uku: mutanen ba su da yawa, lokacin gajere ne, kuma masu binciken ne ke ba su abincin da suke ci sau uku a rana. Wasu gwaje-gwajen da aka yi a baya ba su ga sauyin nauyi ba sam.

A kuma lura da adadin. Wanda zai nemi giram 40 daga shinkafar firji sai ya ci kusan kilo biyu da rabi a rana, ya ga ko zai rame.

Inda nake ganin amfanin yake a zahiri shi ne musanya. Wanda ya rage shinkafar farantinsa zuwa rabi ya cike gurbin da wake da ganye zai ƙoshi da wuri, ya daɗe bai nemi abin taɓawa ba. Nawa ne aikin sitaci mara narkewa a ciki, nawa ne na fiba da sinadarin gina jiki, wannan ba ya canza komai ga mai neman rage tumbi.

Babu haɗari a cin shinkafar da ta kwana? Mu fa ba kullum muke da wuta ba.

Akwai, kuma wannan ce tambayar da ta fi muhimmanci a shafin nan. Ɗanyar shinkafa takan zo da ƙwayayen wata bakteriya mai suna Bacillus cereus, waɗanda tafasa ba ta kashe su. Idan dafaffiyar shinkafa ta daɗe a ajiye da ɗumi, sai su farka su hayayyafa, su zuba guba. Gubar da ke sa amai ba ta mutuwa da zafi, ko an ɗumama ko an soya tana nan. Aman yakan fara cikin awa ɗaya zuwa biyar bayan ci. Wani nau'in kuma gudawa yake kawowa bayan wasu awoyi. Ga babba mai lafiya yakan wuce cikin yini guda, amma ga ƙaramin yaro, tsoho, mai ciki ko mara lafiya ba abin wasa ba ne.

Shawarar hukumar kula da ingancin abinci ta Birtaniya ita ce a hutar da shinkafa da wuri, cikin awa guda in zai yiwu, a sa a firji, a ci cikin kwana ɗaya, a ɗumama har tururi ya tashi ta ko'ina, kuma kada a ɗumama fiye da sau ɗaya. Baza ta a faffaɗan tire yana sa ta saurin hucewa. Barinta cikin kula mai riƙe zafi daga rana zuwa dare shi ne mafi muni, domin ɗumin da bakteriyar ke so kenan.

Waɗanda suka tsara wannan dabara suna da firjin da ba ya mutuwa. A Kano ko Sakkwato ko Maraɗi a watan Afrilu, zafi na haura digiri 40, kuma firjin da aka ɗauke wa wuta tun magariba akwati ne kawai kafin asuba. Idan ba ka da tabbacin wuta ko sola, ka bar maganar kwantar da shinkafa, ka ci wake. Giram uku na sitaci bai kai kwana a asibiti ba.

Ɗumamen tuwo ma ba a ce babu ruwansa da wannan ba. Tuwon da aka tuƙa da ruwan tsamiya ya fi jure kwana, saboda tsami na rage hayayyafar bakteriya, kuma lokacin hunturu ya fi bazara sauƙi. Wanda ya fara yauƙi ko wari, a zubar. Amma rashin wari ba shaida ba ce, musamman a shinkafa.

Ina da ciwon suga. Zan iya cin shinkafa yadda nake so in dai ta huce?

A'a. Sama da kashi 90 cikin 100 na sitacinta har yanzu mai narkewa ne. Abin da ke faruwa shi ne suga ba ya tashi da ƙarfi kamar na sabuwar dafuwa. Binciken Indonesiya ya ga haka a jikin mutum 15 masu lafiya. Hukumar kula da ingancin abinci ta Tarayyar Turai ta amince a 2011 cewa maye gurbin sitaci mai narkewa da mara narkewa na rage tashin suga bayan cin abinci, amma da sharaɗin ya kai aƙalla kashi 14 cikin 100 na duka sitacin abincin. Shinkafar firji ba ta kai nan ba. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka kuma a 2016 ta yarda a rubuta cewa garin masarar nan mai yawan amilos na iya rage haɗarin kamuwa da ciwon suga, tare da bayyana cewa hujjar taƙaitacciya ce.

Masu allurar insulin su yi hattara ta wani ɓangaren. A wani gwaji a ƙasar Foland da aka wallafa a 2022, masu ciwon suga nau'i na ɗaya su 32 sun ci sabuwar shinkafa da wadda ta kwana a firji da adadin insulin iri ɗaya. Sugan bai tashi sosai da ta firjin ba, amma waɗanda sugansu ya faɗi ƙasa da kima sun fi yawa. Wanda ke da na'urar gwaji a gida ya auna kafin ci da awa biyu bayan ci, ya kai wa likitansa sakamakon. Kada a taɓa magani ba da saninsa ba.

An ce yana hana kansar hanji.

An daɗe ana zaton haka. Tun shekarun 1970 likitan nan Denis Burkitt, wanda ya yi aiki a Yuganda, ya lura kansar babban hanji ba ta da yawa a karkarar Afirka, ya danganta hakan da abinci mai fiba. A 2015 Stephen O'Keefe ya wallafa wani gwaji inda baƙaƙen fatar Amurka 20 daga birnin Pittsburgh da mutanen karkarar KwaZulu-Natal 20 a Afirka ta Kudu suka yi musanyar abinci na mako biyu. Amurkawan da suka koma cin abincin masara da wake, butiret ya ƙaru a hanjinsu, alamomin kumburi suka ragu. 'Yan Afirka ta Kudun da suka koma cin nama da maiƙo, nasu ya juya akasin haka. Mako biyu kacal.

Amma alama daban, cuta daban. Gwaji mafi girma shi ne wanda Jami'ar Newcastle ta Ingila ta jagoranta a kan mutum kusan dubu masu wata larurar gado da ke jawo kansa, wato ciwon Lynch. An ba wasu giram 30 na garin sitacin a kullum na kimanin shekara biyu, aka bi diddiginsu sama da shekara goma. Sakamakon da ya fito a 2022 ya nuna kansar babban hanji ba ta ragu ba. Abin da ya ragu da fiye da rabi shi ne kansar wasu sassan, musamman na saman hanyar abinci. Wannan a kan masu larurar gadon ne, ba kowa da kowa ba. Wanda ke ganin jini a bayan gida ko yake ramewa ba dalili, asibiti zai je, kada ya tsaya cewa basir ne.

Wake na kumbura mini ciki. Ya zan yi?

Iskar alama ce ta cewa bakteriyar na aiki, ko da yake wannan ba ya rage kunya a cikin sahu. A fara da kaɗan, cokali uku ko huɗu a cikin abinci, a riƙa ƙarawa cikin mako biyu zuwa uku. Yawancin mutane cikinsu na sabawa. Jiƙa wake na wasu awoyi, a zubar da ruwan, a dafa shi ya nuna luguf, yana rage wasu sinadaran da ke haddasa iskar. A sha ruwa sosai.

Sitacin da ake sa wa shadda fa, ko ɗanyen rogo, ko garin kastad?

Sitacin wanki ba abinci ba ne, ba a sarrafa shi don ci ba, wani ma da turare da wasu sinadarai a ciki. Ɗanyen rogo, musamman mai ɗaci, yana da gubar sayanayid da ke iya kisa. Jiƙawa da tsimawa da dafawa ne ke fitar da ita. Ɗanyen wake ma na da sinadaran da ke ɓata ciki sai an dafa. Garin kastad kuwa sitacin masara ne na yau da kullum, da an dama shi da ruwan zafi yana narkewa tas.

Giram nawa ake buƙata a rana, kuma sai na sayi garin da ake tallatawa?

Babu adadin da duniya ta tsayar. Hukumar binciken kimiyya ta Ostireliya ta ba da shawarar giram 15 zuwa 20 a rana don lafiyar hanji, yayin da wani ƙiyasi na 2008 ya nuna Ba'amurke na samun kusan giram 5 ne kawai. Kwano ɗaya na dafaffen wake, da ayaba ɗaya da ba ta gama nuna ba, da tuwon dawa ko dambu, sun kai mutum wani wuri mai nisa ba tare da ya sayi komai na musamman ba.

Garin ɗanyar ayaba da na sitacin dankalin turawa suna da shi da yawa, amma sai in ba a dafa su ba. Ana zuba su ne a nono ko ruwan sanyi. Da an dama da tafasasshen ruwa, kuɗin ya tafi a banza. Duk wanda zai saya ya duba lambar NAFDAC, ya kuma guji kowane gari da aka ce yana zubar da teɓa cikin mako guda.

Akwai wanda bai kamata ya matsa wa kansa da wannan ba?

Masu ciwon ƙoda da aka hana su abinci mai yawan fotasiyam, domin wake da ayaba da dankali duk suna da shi. Masu larurar hanjin da ke yawan murɗawa da kumburi su bi a hankali, wasu yana ƙara musu. Jarirai da yaran da ke fama da tamowa abinci mai saurin narkewa da ba da ƙarfi suke buƙata, sabon dafawa, ba wanda ya kwana ba. Mai ciki za ta ci wake da hatsi yadda take so, amma rage ƙiba ba aikin wannan lokacin ba ne.

Da azumi, zai taimaka a sahur?

Zai iya. Tun 1982 David Jenkins da abokan aikinsa suka nuna cewa karyawa da abinci dangin wake na sa suga bai tashi sosai ba har a cin abinci na gaba, bayan awoyi. Sahur da wake da shinkafa, ko dambu, ko ɗumamen tuwon dawa da aka adana da kyau, ya fi farin biredi da shayi mai suga riƙe mutum zuwa la'asar. Sai dai wanda bai saba cin wake ba kada ya fara a daren farko na Ramadan. Ya fara gwadawa tun cikin Sha'aban.